Wa Ake Yi Wa Zaman Makoki?

Na san da yawa a cikinku da an ambaci Bayahude sai ranku ya tafi kan labaran rigimar Falasɗinu da muke ji a rediyo. To yau ba wannan ce ta kawo ni ba. Maganar mutuwa na zo da ita, da yadda wata al'umma ta tsara wa kanta zaman makoki tun fiye da shekara dubu kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kuma har gobe suna ta fama da yadda za su riƙe tsarin a wannan zamani na aikin ofis da wayar hannu. Kada kuma wata ta ce na ce a kwaikwaye su, mu addininmu ya gama yi mana bayanin namu. Sai dai Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni kuwa da na leƙa na wasu, namu tudun na hango.

Ɗiyar yayana ce ta fara jawo hankalina. Tana aikin jinya a birnin Mancesta ta Ingila, a wata unguwa da Yahudawa suka yi yawa. Wata rana muna hira a waya take ce mini, "Gwaggo, kin san mutanen nan ba sa barin gawa ta daɗe? Wanka suke yi mata, su sa mata farin likkafani su kai ta, kamar dai mu. Mata su wanke mace, maza su wanke namiji." A ƙasar da sauran jama'a gawa kan yi sati biyu ko fiye tana jiran jana'iza, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan na shiga bin diddigin abin, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin wanka da likkafani.

Dokokin nasu suna cikin wani babban littafi da suke kira Talmud, wanda malamansu suka tattara a ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 500 miladiyya. Daga baya Musa bin Maimun, Bayahuden nan likita da aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya kuma rasu a Masar a 1204, ya tsara su babi-babi. Sai wani malamin nasu, Yusuf Karo, ya sake taƙaita su a littafin da aka buga a birnin Banis na Italiya a 1565, wanda masu riƙo da gargajiyar addinin suke bi har yanzu. Abin da duk suka yi shi ne sun yanka baƙin ciki gida-gida, kowane lokaci da abin da ake nema daga mai makoki, da kuma abin da ake nema daga jama'a. Wannan na biyun shi ne ya tsaya mini a rai.

Mutum bakwai ne makoki ya wajaba a kansu: uba, uwa, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwa, sai miji ko mata. Daga fitar rai zuwa binnewa, an ɗauke wa waɗannan hatta addu'o'in da suke yi kullum, domin hankalinsu na kan gawa. An ma ce kada a tsaya ba wa mutum haƙuri alhali mamacinsa na kwance a gabansa, don ba zai ji ba. Kafin a binne sai su yaga rigarsu a ƙirji, hagu saitin zuciya idan iyaye ne, dama idan sauran dangi ne. Mu kam kin san yaga tufafi saboda mutuwa haramun ne a wurinmu, ba ma sai na tsaya a nan ba. Su ɗin ma a Amurka da yawa yanzu ɗan baƙin ƙyalle suke maƙalawa a riga, shi ake yagawa a tsira da rigar.

To ga inda maganar take. Idan an dawo daga maƙabarta, abincin farko da masu makoki za su ci, doka ta hana ya zama nasu. Dole maƙwabta ne za su kawo. Yawanci dafaffen ƙwai ne da burodi, ko wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi da Larabawa ke kira adas. Suka ce adas ba shi da baki irin na sauran wake, haka ma mai makoki ba shi da bakin magana. Kuma a mulmule yake kamar ƙafar keke, yau ta kan wannan gida ta biyo, gobe ta kan wancan.

Ki saurari abin da ya faru da wannan abinci, don sai ki rantse a unguwarku aka yi. Talmud ya ba da labari cewa a da masu kuɗi sukan kai abincin gidan makoki a cikin kwandunan azurfa da zinare, talakawa kuma a kwandon saƙa na ɓararren reshen itace, sai talakawa suka riƙa jin kunya. Malamai suka kafa doka, kowa ya kai a kwandon saƙa, mai kuɗi da talaka. Haka aka yi da kofin da ake shayar da mutane, aka ce kowa ya yi amfani da mai arha. A da kuma akan buɗe fuskar gawar mai kuɗi a rufe ta talaka, domin yunwa kan sa fuskar talaka ta yi baƙi, sai aka ce a rufe ta kowa. Likkafani kuwa tsadarsa ta kai inda kuɗin binne mutum ya fi mutuwarsa zafi ga dangi, har wasu kan ajiye gawa su gudu. Sai shugaban malamansu na lokacin, Rabban Gamaliyel, kusan shekara 1900 ke nan, ya bar wasiyya a binne shi cikin farin lilin mara ado. Da babba ya yi haka, kowa ya samu bakin yi. Shi ne farin likkafanin da ɗiyar yayana ta gani a Mancesta.

Da na karanta wannan sai na tuna rasuwar surukata, Allah ya jiƙanta. Kwana bakwai muka yi tukunya ba ta sauka daga murhu ba. Autarta, wadda ita ce ta yi jinyarta wata da watanni, na gan ta ran kwana biyu a tsugune tana gyaran shinkafa, hawaye na ɗiga a faranti, ana ƙwala mata kira wai baƙin Zariya sun iso ba a kai musu abinci ba. Maigidanmu kuwa yana waje yana lissafin kuɗin hayar rumfa da kujeru. Dangi na kawo abinci, ba zan ce ba su kawo ba, amma ke ma kin san yadda abin ya koma. Ana duba kular wa ta fi tsada, wa ta zo da kaji, wa ta zo da ɗan kwanon ɗanwake. Akwai wata maƙwabciyarmu da marigayiyar ke ji da ita ƙwarai, sai bayan magariba take shigowa da ɗan langarta a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye a bayan ƙofa ta fice. Ba sai an gaya mini dalili ba.

Abin takaicin shi ne mu ma muna da wannan koyarwa, tsaf. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umarni ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Kowace 'yar Islamiyya ta san wannan. Amma yau gidan da aka yi rashi shi ne gidan da ake ciyar da unguwa, har mace ta ci bashi don sadakar uku kada a ce 'ya'yan wane sun gaza.

Bayan wannan abinci sai zaman kwana bakwai, wanda suke kira shiba, wato bakwai a harshensu. Masu makoki ba sa fita, ba sa aiki, ba sa kasuwanci. A ƙasa suke zama ko kan 'yar gajeruwar kujera irin tamu ta tsakar gida. Ba takalmin fata, ba kwalliya, ba aski, ba wankan jin daɗi, ba kusantar iyali. Akan kunna kyandir ya yi ta ci har kwana bakwan, a kuma lulluɓe madubin gida. Wannan na madubi al'ada ce ta shigo daga baya, amma ni ta burge ni, domin matar da aka yi wa rashi ba ta da buƙatar sanin yadda fuskarta ta koma, balle ta gyara ta saboda baƙi. Ranar Asabar, ranar hutunsu, tana cikin lissafin bakwan amma ba a nuna makoki a fili. Idan kuma babbar sallarsu ta faɗo a tsakiya, to ta yanke zaman. Talaka da ba shi da abin kai wa baki an yarda ya koma sana'a bayan kwana uku, a ɓoye cikin gidansa, mace ma ta ɗauki mazarinta ta yi kaɗi a ɗaki. Amma malaman suka ɗora laifin a kan maƙwabtan da suka bari har ta kai shi ga haka, da kalma mai zafi kuwa, don tsinuwa ce.

Sai dokar da ta fi kowace tsaya mini. Wanda ya zo gaisuwa ba shi da izinin buɗe baki sai mai makoki ya fara magana. Sun ɗauko ta ne daga labarin Annabi Ayuba yadda ya zo a littafinsu, inda abokansa uku suka zo suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana babu wanda ya ce uffan, sai da shi ya fara. Don haka za ki shiga, galibi ƙofa a buɗe take ba sai an taso an tare ki ba, ki nemi wuri ki zauna. Mai makoki ba za ta miƙe miki ba ko ke wace ce. In ta so maganar mamacin, ki bi ta. In ta so hirar duniya, ki bi ta. In ta yi shiru, ku yi shirun tare. In kuma ta gyaɗa kai alamar ta gaji, to an sallame ki, ki tashi.

'Yar'uwa, ki auna wannan da abin da ke faruwa a ɗakin mai takaba a wurinmu. Gaisuwarmu kam ba ta da aibu, "ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta," addu'a ce mai kyau kuma gajeruwa. Abin da ke biyo bayanta ne matsalar. "Wai me ya same shi ne? Ashe ba ku kai shi asibiti da wuri ba? Ya bar wasiyya? Gidan nan nasa ne ko haya?" Baiwar Allah ta ba da labarin fitar ran mijinta sau hamsin a yini guda, kowace ƙungiya ta shigo sai an koma farko. Idan ta yi kuka a ce ta cika rashin tawakkali, idan ba ta yi ba a fita ana cewa ko a jikinta. Can gefe kuma an buɗe hirar ankon bikin wata, wata ma ta fito da atamfofin sayarwa daga jaka. Na sha zama a irin wannan ɗaki, kuma na lura wadda mai takaba ke tunawa da alheri bayan shekaru, sau da yawa ita ce wadda ta zo ta zauna kusa da ita, ta karɓi yaron da ke kuka ta goya, ta tafi ba ta tambayi komai ba.

Kada ki ɗauka su ma abin yana tafiya sumul. Zamani ya matsa musu. A Amurka babu dokar gwamnatin tarayya da ta tilasta a ba ma'aikaci hutun rasuwa, kamfanoni da yawa kwana uku suke bayarwa. To yaya mai kwana uku zai yi zaman bakwai? Masu riƙo da gargajiya sukan cinye hutunsu na shekara ko su haƙura da albashin kwanakin. Masu sassauci kuwa da yawa sun mayar da zaman kwana uku, wasu ma yini ɗaya, a sa awa biyu ko uku da yamma a ce lokacin karɓar gaisuwa ke nan. Kuma malamansu na kuka da cewa a wasu gidajen zaman ya koma kamar walima, a yi odar abinci tuli, baƙi su ci su sha su yi ta hira, mai makoki na zagayawa yana tambaya ko kowa ya ƙoshi. Ashe ciwon ba namu ne mu kaɗai ba.

Waya ma ta zo da nata. A tsohuwar dokar, wanda labarin rasuwa ya iske shi cikin kwana talatin zai yi cikakken zaman bakwai, wanda kuwa ya ji bayan talatin ɗan lokaci kaɗan zai zauna shi ke nan. An yi dokar ne lokacin da wasiƙa ke bin ayari da jirgin ruwa. Har ma an ce ba dole ba ne a yi gaggawar sanar da na nesa. Yanzu kuwa wa zai yi kwana talatin bai ji ba? Ko minti talatin da wuya. Mu nan mun ga yadda 'ya ke buɗe WhatsApp ta ci karo da hoton mahaifinta an rubuta Allah ya jiƙan rai, tun kafin wani babba ya kira ta ya lallaɓa ta. Wasu har hoton gawa suke ɗorawa. Mutanen da suka ce a rufe fuskar kowa don kada a kunyata talaka, ina tunanin me za su ce da wannan.

Babbar jarrabawar ta zo musu a 2020, lokacin annobar korona. Zaman da ginshiƙinsa shi ne jama'a su shigo, ga shi an hana shiga gidan kowa. Sai aka koma gaisuwa ta Zoom, mai makoki na zaune a 'yar kujerarsa shi kaɗai, fuskoki na bayyana a kwamfuta, abinci kuma a ajiye a bakin ƙofa a juya. Rigimar ta fi zafi a kan wata addu'a da suke kira Kadish. Addu'a ce cikin harshen Aramiyanci, kuma abin mamaki babu ambaton mutuwa a cikinta ko sau ɗaya, girmama Ubangiji ce daga farko har ƙarshe. Wanda iyayensa suka rasu yakan karanta ta kullum har wata goma sha ɗaya, amma ba ta karantuwa sai a cikin mutum goma. Hikimar a fili take, an tilasta wa mai baƙin ciki ya fito cikin mutane safe da yamma, an kuma tilasta wa mutum tara su tsaya masa. To goma a allon kwamfuta goma ne? Yawancin malaman gargajiya suka ce a'a, sai an haɗu a wuri guda, mai makoki ya yi karatu ko sadaka a madadin. Wani ɓangaren masu matsakaicin ra'ayi a Amurka kuma suka ba da fatawa a watan Maris na shekarar cewa saboda lalura ya halatta.

Wannan addu'a tana da tarihi da mata. A gargajiyance ɗa namiji ne ke karanta ta, kuma maza kaɗai ake ƙirgawa cikin goman, har wanda bai haifi namiji ba yakan biya wani ya karanta masa. Kin ji inda ta taɓo mu, mu da muka san irin kallon da ake yi wa mai 'ya'ya mata zalla. A 1916 mahaifiyar wata fitacciyar Bayahudiyar Amurka mai suna Henrietta Szold ta rasu. Su takwas uwarsu ta haifa, duk mata. Wani abokin arzikinsu ya yi tayin zai karanta Kadish a madadinsu. Ta rubuta masa wasiƙa ta gode masa ƙwarai, sannan ta ce a'a, ita za ta yi, domin lokacin da mahaifinsu ya rasu uwarsu ba ta yarda wani ya tsaya a matsayin 'ya'yanta ba. A 1973 wancan ɓangare na masu matsakaicin ra'ayi ya yarda a riƙa ƙirga mata cikin goman. A wurin masu gargajiya har yanzu ba a ƙirga su, ko da yake a wasu wuraren ibadarsu mace kan karanta daga sashen mata.

Bayan bakwai sai talatin, shaloshim a harshensu. An koma aiki amma ba biki, ba kiɗa, ba aski. A nan makokin miji ko mata ko ɗa yake ƙarewa a doka, iyaye ne kaɗai ake yi wa wata goma sha biyu. Matar da mijinta ya rasu takan jira kimanin wata uku kafin ta yi wani aure, don a tabbatar babu ciki. Ni dai a raina kwana talatin ya yi wa miji kaɗan, wata huɗu da kwana goma ɗinmu ya fi kusa da abin da zuciyar mace ke buƙata. Su kansu sun san lissafin kwanaki ba ya ɗaure zuciya. Musa bin Maimun ɗin nan da ya rubuta cewa wuce iyaka a baƙin ciki wauta ce, ƙin yin makoki kuma rashin tausayi ne, da ƙaninsa Dawuda ya nutse a tekun Indiya a tafiyar fatauci, ya bar masa mata da 'yar ƙaramar yarinya, kusan shekara guda ya yi a kwance ba lafiya. Bayan shekara takwas ya rubuta wa wani abokinsa cewa har lokacin bai daina jin zafin ba, da ya ga rubutun hannun ƙanin nasa sai ciwon ya dawo sabo. Allah sarki.

Fita daga makokin ma ba a bar wa mai makoki shi kaɗai ba. Ran kwana bakwai da safe, bayan an ɗan zauna, masu gaisuwa ne ke ce masa ya tashi, a wurare da yawa kuma su raka shi ya zaga unguwa a ƙafa, ya ga masu shago sun buɗe, yara na tafiya makaranta, sannan a dawo da shi gida. Wanda kuma ya rasa uwa ko uba, ko talatin ta cika ba zai je wurin wanzami don kansa ba. Zai bar sumar nan da gemu su yi ta tsawo har sai abokansa sun dube shi sun yi masa faɗa, sun ce wane, ka yi buzu-buzu, je ka yi aski. Sai an faɗa masa haka askin yake halatta.